Kundin Aikin Nazarin Lissafin Shagon Sari a Kasuwar Singa, Janairu zuwa Afrilu 2025

Asabar, 4 ga Janairu

Yau na fara aikin da muka daɗe muna tattaunawa a kansa da Baffa, wato tattara lissafin shagonsa na sari da ke Kasuwar Singa a Kano a shigar da shi kwamfuta, domin a riƙa yanke shawarar saye da sayarwa bisa abin da alƙaluma suka nuna. Shagon yana sayar da kayan masarufi irin su sukari, fulawa, shinkafa, taliya, man girki, madarar gari, dunƙulen miya, tumatirin leda, sabulu da omo, kuma yawancin masu saye 'yan tireda ne na unguwannin birni da 'yan sari da ke zuwa daga garuruwan Jigawa, Katsina da Yobe. Abin da ya sa Baffa ya amince da aikin shi ne wani al'amari da ya dame shi tun bara: kuɗin da ke shigowa sun fi na kowace shekara yawa, amma siton bai cika kamar yadda yake cika a da ba, kuma babu wanda zai iya cewa ga inda uwar kuɗin ta maƙale.

Mun tsayar da tambayoyi uku da muke so a amsa kafin azumi: wane kaya ne yake kawo riba ta gaskiya, nawa ne a hannun masu bashi kuma tun yaushe, sannan wane adadi ya kamata a saro na kowane kaya. Abin da ke hannuna shi ne littattafan ciniki na 2023 da 2024, kwafin rasit, da bayanan asusun banki da na na'urar POS. Na sayi kwamfutar tafi-da-gidanka wadda aka taɓa amfani da ita a kan naira 210,000, da filas na naira 6,000 domin ajiye kwafi. Da manhajar Excel zan yi aikin, domin ta isa shago mai girman wannan, kuma tana aiki ko babu intanet.

Asabar, 11 ga Janairu

Mako guda ke nan ina shigar da cinikin 2024, kuma matsalar da ta fi cin lokaci ita ce rashin daidaiton sunaye da ma'auni. Mutum uku ne suke rubutu a littafin, kowa da yadda yake kiran kaya. Wani ya rubuta taliya kawai, wani ya rubuta sunan kamfanin, wani kuma ya rubuta launin kwalin, alhali kwamfuta tana ɗaukar kowanne a matsayin kaya dabam. Ma'aunin ma haka yake: an rubuta mai goma ba tare da an faɗi ko jarka mai lita 25 ake nufi ko katan na ƙananan robobi ba, an kuma rubuta sukari biyar a inda zai iya zama buhu mai kilo 50 ko rabinsa. A irin waɗannan wurare sai na raba jimillar kuɗin da adadin, in kwatanta da farashin wancan makon, kafin in gane abin da aka sayar.

Na dakatar da shigarwa, na zauna da babban yaron shago muka tsara jerin kaya guda ɗaya, inda kowane kaya yake da lamba, suna ɗaya da ma'auni ɗaya. Na kuma saita gurbin suna ta yadda sai dai a zaɓa daga jerin. Sunayen masu saye na maye gurbinsu da lambobi, na ajiye makullin a wani fayil dabam mai kalmar sirri, domin sirrin bashin mutane amana ce, kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sanya wa hannu a Yunin 2023 ta shafi 'yan kasuwar da ke riƙe da sunaye da lambobin wayar mutane.

Talata, 14 ga Janairu

An ci gaba da shigarwa, kuma an kammala watanni shida na farkon 2024. Babu wuta tun safe, saboda haka na kai kwamfutar caji a kan naira 500.

Asabar, 18 ga Janairu

Na yanke shawarar ajiye littafin 2023 gefe, ba zan gina wani hasashe a kansa ba. Farkon shekarar ya zo da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira da Babban Bankin Najeriya ya sanar a Oktoban 2022, inda ciniki ya tsaya ba domin mutane ba sa bukatar kaya ba. Sai cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, sannan sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni, abin da ya hargitsa kuɗin mota da farashin duk kayan da ake shigo da su ko ake shigo da abin haɗa su. Duk wanda ya ɗauki matsakaicin cinikin irin wannan shekara zai sami adadin da bai yi kama da kowane wata na gaskiya ba. Zan riƙa duba littafin ne kawai idan ina neman tarihin bashin wani mai saye.

Haka kuma na fara auna ciniki da yawan buhu da katan, ba da naira kaɗai ba. Da na yi hakan, sai ya bayyana cewa ƙaruwar kuɗin da aka gani a 2024 ta tashin farashi ce, domin yawan kayan da suka fita ya ragu a mafi yawan nau'o'i, musamman madara da man girki.

Asabar, 25 ga Janairu

Wannan makon ne aka fara ganin amfanin wahalar. Na jera kayan daga wanda ya fi kawo kuɗi zuwa na ƙasa, bisa tsarin da ake dangantawa da masanin tattalin arzikin Italiya, Vilfredo Pareto, wanda ya lura cewa kusan kashi 80 cikin ɗari na filayen ƙasarsa suna hannun kashi 20 cikin ɗari na mutane. Masu kula da sito sun ari wannan tunani suna raba kaya gida uku, A da B da C, gwargwadon nauyinsu a ciniki. A shagonmu sukari, shinkafa, fulawa, taliya da man girki su ne rukunin farko, kuma Baffa ya ce wannan ba labari ba ne a wurinsa.

Abin da ya zama labari shi ne lissafi na biyu. Na auna tsawon lokacin da kowane kaya yake yi a sito kafin ya koma kuɗi, na haɗa da ribar da ake samu a kansa. Na yi wa Baffa misali da naira miliyan ɗaya. Idan aka zuba ta a kayan da ribarsa kashi 2 ce cikin ɗari amma yana ƙarewa duk mako, a makonni 13 za ta haifi naira 260,000. Idan aka zuba ta a kayan da ribarsa kashi 12 ce amma sai ya yi wata uku kafin ya ƙare, naira 120,000 kaɗai za ta haifa a daidai wannan lokaci. Ashe wasu kayan da ake ji da su saboda kaurin ribarsu, kamar wani nau'in sabulun wanka mai tsada da manyan gwangwanayen madara, su ne suka danne kaso mai tsoka na jari, wasunsu sun yi kwantai tun kafin babbar sallar bara.

Baffa ya daɗe yana kallon jadawalin, sannan ya ce, "To ɗana, kana so ka ce in daina kawo su ke nan?" Na ce, "A'a Baffa, akwai masu zuwa saboda su, kuma idan suka zo suna haɗawa da wasu kayan. A rage yawan da ake sarowa, a bar abin da zai ƙare cikin wata ɗaya." Ya amince a karya farashin waɗanda suka fi daɗewa domin kuɗin su dawo kafin sarin azumi. A ganina wannan ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya, domin abin da ke riƙe shagon sari shi ne saurin juyawar kuɗi, kuma littafin ciniki na takarda ba ya nuna hakan ko kaɗan.

Asabar, 1 ga Fabrairu

An sami cikas mafi girma tun da aka fara. Ranar Laraba muka rufe sito da yamma muka ƙirga kaya ɗaya bayan ɗaya, domin a kwatanta da abin da kwamfuta ta ce ya rage. Sukari da fulawa sun zo daidai, amma taliya, dunƙulen miya da omo sun nuna giɓi mai yawa. Kafin gari ya waye magana ta bazu a tsakanin yaran shago cewa an kawo kwamfuta ne domin a kama ɓarawo. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya shekara da shekaru tare da Baffa, ya ƙi taɓa takardar shigarwa ranar Alhamis, ya ce tunda ba a yarda da shi ba, a nemi wani ya rubuta. Cinikin wannan rana sai daga rasit da alat na banki na sake haɗa shi, kuma bai cika ba.

Na roƙi Baffa kada a tuhumi kowa sai an bi diddigin giɓin. Da muka bi, sai ga shi yawancinsa yana da bayani. Akwai kayan da ake ɗauka a kai gida domin cefane, akwai wanda Baffa yake bayarwa kyauta ga 'yan uwa da mabuƙata, akwai katan da ya fashe wajen sauke lodi ko ɓera ya ɓata, akwai kuma katan da aka fasa aka sayar da rabi aka rubuta shi a matsayin cikakke. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake da gurbi a tsohon littafin, saboda haka ba a taɓa rubuta su ba. Na ƙara gurabe huɗu a takardar kullum: na gida, na kyauta, na lalacewa da na fasasshen katan.

Jiya bayan sallar Juma'a Baffa ya tara yaran, ya gaya musu da bakinsa cewa shi ne ya fi kowa ɗaukar kaya ba tare da rubutawa ba, kuma daga yau shi ma sai an rubuta. Wannan magana ta kwantar da hankalinsu fiye da duk bayanin da na yi. Na kuma fara nuna wa babban yaron yadda ake karanta jadawalin, domin alƙaluman da suke shigarwa su zama nasu, su ga amfaninsu da idonsu.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Shigarwar kullum ta daidaita, tana ɗaukar kusan rabin sa'a bayan an tashi kasuwa. Na ƙara gurbin kuɗaɗen banki, har da harajin naira 50 da ake cirewa a kan tura kuɗi na naira 10,000 zuwa sama, wanda ya haɗa da kamfanonin POS tun Disamban 2024. Hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data tun watan jiya, don haka na ƙara abin da na ware wa intanet a wata.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Na shafe makon a kan bashi. Na raba shi gida huɗu bisa daɗewarsa: wanda bai kai mako biyu ba, wanda ya kai wata, wanda ya kai wata uku, da wanda ya haura hakan. Jimillar ta ba kowa mamaki, domin ta kusa kai darajar rabin kayan da ke sito, kuma mafi yawan tsohon bashin yana hannun mutane ƙalilan. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wasu manyan masu saye da ake girmamawa saboda yawan lodinsu, waɗanda suke biyan rabi su ɗauki sabon kaya, ta yadda bashinsu bai taɓa komawa sifiri ba duk tsawon shekarar. A lokacin da farashi ke hawa, kuɗin da aka biya bayan wata uku ba ya iya sayo buhunan da aka bayar, saboda haka cinikin da aka rubuta da riba yana iya zama faɗuwa.

Na kawo shawarar a sanya wa kowa iyaka bisa tarihin biyansa. Baffa ya karɓi shawarar a kan mafi yawansu, amma ya cire mutum biyu. Ya ce ɗayan gobara ce ta ci shagonsa bara, kuma mahaifinsa ne ya ba shi kaya bashi lokacin da shi Baffan yake farawa. Ɗayan kuma yana sayar wa manoma ne, sai an yi girbin rani kuɗinsa suke fitowa. Ya ƙara da cewa, "Ido ba mudu ba, ya san kima." Ban ja da shi ba, domin gaskiya ce jadawalina bai san gobara ba kuma bai san lokacin girbi ba. Na buɗe gurbin bayani a gaban kowane mai bashi domin irin wannan sani ya shiga rubuce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

An shiga hasashen sarin azumi. Kwatanta Maris da Maris ba zai yi aiki ba, domin shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11: an fara azumi a ranar 23 ga Maris a 2023, a ranar 11 ga Maris a 2024, bana kuma ana sa ran farawa a farkon Maris. Saboda haka na sake jera cinikin bara da makonni kafin azumi da makonni cikinsa. Da aka yi haka sai tsarin ya fito sarai. Sukari, madara, ganyen shayi da man girki suna tashi tun ana saura mako biyu, domin 'yan tireda da masu rabon kayan azumi suna rigan kowa saye. A tsakiyar wata ciniki yana lafawa. A goman ƙarshe kuma fulawa, mai, shinkafa da tumatir suke sake tashi saboda girkin sallah da cincin.

Na lissafa wa manyan kaya matakin da za a sake oda idan sun sauka zuwa gare shi. Ƙa'idar ita ce a ninka abin da ke fita a rana da kwanakin da kaya ke yi kafin ya iso, a ɗora wani abu na kariya. Misali, idan katan 40 ke fita a rana kuma mota tana ɗaukar kwana 5, to da zarar saura katan 260 sai a kira dila, wato 200 na jira da 60 na kariya. Kuɗin da aka samu daga karyar da kwantai da abin da aka karɓo na bashi su aka zuba a sukari da mai.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Jiya Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da alƙaluman hauhawar farashi na Janairu, kashi 24.48 cikin ɗari, bayan na Disamba ya kai 34.80. Na bayyana wa Baffa cewa wannan saukar ta biyo bayan sauya shekarar ma'auni ne daga 2009 zuwa 2024, ba wai kaya sun yi arha da wannan gwargwado ba. Alƙaluman ƙasa ba za su gaya mana farashin buhu a Singa ba, don haka na fara rubuta farashin da dila ke bayarwa duk safiya, kuma daga yau ribar kowane kaya za a auna ta da kuɗin sake sayo shi, ba da kuɗin da aka saye shi ba.

Asabar, 1 ga Maris

An tashi da azumi yau bayan sanarwar Sarkin Musulmi daren jiya. Cinikin makonni biyun da suka wuce ya bi hasashen a sukari da madara. An mayar da shigarwa zuwa bayan la'asar saboda ana tashi da wuri.

Laraba, 12 ga Maris

Abu biyu sun saɓa wa lissafi. Na farko, man girki mai lita 25 ya yanke mana na wasu kwanaki a daidai lokacin da ake nemansa. Adadin kwanakin isowar kaya da aka gina lissafin a kansa matsakaicin shekara ne, alhali gab da azumi kowane ɗan kasuwa yana layi a wurin dila, motoci suna ƙaranci, kaya yana ɗaukar kusan ninki biyu na lokacin da ya saba. Masu saye da dama da suka zo neman mai sun tafi maƙwabta, suka haɗa sauran sayayyarsu a can, kuma wannan asara ba ta bayyana a ko'ina cikin jadawalin, domin cinikin da bai faru ba ba a rubuta shi. Na buɗe shafi na musamman inda yara za su riƙa rubuta duk kayan da aka tambaya babu, na kuma raba kwanakin isowa gida biyu, na lokacin cunkoso da na sauran shekara.

Na biyu ya fi ciwo. Duk cinikin 2024 an yi shi ne a kasuwar da farashi ke hawa, inda mai ajiye kaya yake cin riba. Bana shinkafa da sauran hatsi sun juya suna sauka, a Dawanau da nan Singa. Dalilan da ake ambata sun haɗa da damina mai kyau, da dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150 da gwamnatin tarayya ta sanar a Yulin 2024, da sassauta takunkumin fitar da shinkafa da Indiya ta yi a ƙarshen 2024, da kuma ɗan daidaituwar naira. Shinkafar da muka saro a tsakiyar Fabrairu yanzu dila yana bayar da irinta a ƙasa da kuɗin da muka biya. Rubutun farashin kullum ne ya nuna mana saukar tun tana ƙarama. Baffa ya so a jira ko za ta farfaɗo gab da sallah, ni kuma na nuna masa cewa kowane mako na jira yana ƙara faɗuwa kuma yana hana kuɗin zuwa ga mai da fulawa da ake nema. Mun tsaya a kan sayar da kashi biyu cikin uku a farashin yau, a riƙe sauran domin cinikin goman ƙarshe.

Asabar, 22 ga Maris

Baffa yana fitar da zakkar kasuwancinsa a watan Ramadan. Malaman Malikiyya sun yi bayani cewa ɗan kasuwa mai jujjuya kaya yana ƙiyasta darajar kayansa a ƙarshen shekararsa, ya haɗa da tsabar kuɗi da bashin da yake sa ran za a biya shi, ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari. A shekarun baya ana kwana biyu ana ƙirge da kintace. Bana jadawalin ya ba da adadin kaya, farashin ranar da rabe-raben bashi cikin zama ɗaya, ya kai wa malaminsa ya duba.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi sallah ranar Lahadi, 30 ga Maris, kasuwa ta dawo sosai a tsakiyar wannan mako. Ƙidayar kaya ta biyu ta zo kusa da abin da ke kwamfuta, ɗan giɓin da ya rage a dunƙulen miya ne, inda fasasshen katan ya fi yawa. Tsohon bashi ya ragu, kwantai sun ragu, sauran shinkafar da aka riƙe ta fita amma ba ta mayar da kuɗinta ba. Jimillar abin da aikin ya ci zuwa yau, da kwamfuta da data da caji da buga takardu, ta ɗan haura naira 260,000.

Mataki na gaba yana da sassa uku. Zan mayar da fayil ɗin zuwa manhajar Google Sheets mai aiki ta intanet domin Baffa ya riƙa ganin taƙaitaccen rahoto a wayarsa duk safiya, mai nuna kayan da suka kai matakin oda, farashin dila na jiya da bashin da ya haura wata. Zan koya wa babban yaron shago haɗa rahoton mako da kansa kafin ƙarshen Afrilu. Sannan zan sake jera cinikin bara da makonni kafin babbar sallah, wadda ake sa ran za ta faɗo a farkon Yuni, tare da la'akari da cewa damina tana rage zuwan 'yan sarin ƙauye saboda aikin gona da lalacewar hanya. Ana buƙatar ƙaramin batir mai sola domin a daina kai kwamfuta caji, kuma ranar Litinin zan je Sabon Gari in tambayo farashi.